Amincin Allah ya fi ƙarfin ganewarmu: tambayoyi da amsoshi

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, salama a gare ku. Waɗannan tambayoyi ne da masu bi suke yawan yi, wasu a fili bayan an tashi sujada, wasu kuma a zuci kawai suke riƙe da su don suna tsoron kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Na tattara su wuri ɗaya na amsa gwargwadon abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna. Duk inda na kawo aya ma'anarta nake faɗa da bakina, don haka ka buɗe naka Littafin ka duba da idonka.

Wai me ake nufi in an ce Allah mai aminci ne?

Ana nufin abin da ya faɗa zai yi, kuma halinsa na jiya shi ne na yau. Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, ba ɗan adam ba ne da zai sake magana. Maimaitawar Shari'a 7:9 ta kira shi Allah mai aminci, mai cika alkawari har tsara dubu. Joshuwa ma da ya tsufa yana gab da mutuwa ya tara jama'ar Isra'ila ya ce musu kun sani a zuciyarku, cikin dukan alkawuran alheri da Ubangiji ya yi muku babu ko ɗaya da ya faɗi ƙasa (Joshuwa 23:14).

Amma ka lura da abu ɗaya tun daga nan, don duk sauran amsoshin a kansa suka tsaya: amincin Allah a ɗaure yake da alkawarinsa da halinsa. Abin da ni na tsara a kaina na kai masa na ce ya sa hannu, wannan daban ne. Da yawanmu a nan muke rikicewa.

In an ce "ya fi ƙarfin ganewarmu", ba dabara ce kawai ta kauce wa tambaya mai wuya ba?

Wani lokaci haka ne, gaskiya. Akwai masu jefa maka wannan magana don ka yi shiru su huta, kuma ba na goyon bayan haka ko kaɗan. Amma Littafi Mai Tsarki ba haka ya yi amfani da ita ba.

Duba Ishaya 55:8-9, inda Allah ya ce tunanina ba irin naku ba ne, hanyoyina ba irin naku ba ne, kamar yadda sama take nesa da ƙasa haka hanyoyina suka fi naku. An fi karanta ayar nan a wurin makoki ko in wani abu ya lalace, amma koma baya aya ɗaya kawai ka ga aya ta 7, maganar da ake yi ita ce mugu ya bar hanyarsa ya komo wurin Ubangiji domin zai ji tausayinsa, zai gafarta masa a yalwace. Wato abin da ya fi ƙarfin kanmu a wurin nan gafararsa ce, yadda yake karɓar mutumin da mu da mun riga mun yanke masa ƙauna tuntuni. Haka ma Bulus a Romawa 11:33, da ya ce hukuntan Allah sun fi gaban bincike, ba a farkon magana ya faɗa ba, sai da ya kwashe sura uku cur, 9 zuwa 11, yana fama da tambayar ko Allah ya yar da jama'arsa Isra'ila, ya yi tunani iyakar ƙarfinsa, sannan da ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sai ya ɓarke da yabo.

Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba abin biyu: asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana kuma namu ne da 'ya'yanmu. Abin da aka bayyana yana da yawa fa, kuma ya isa mutum ya tsaya a kai. Ba a ce ka rufe ƙwaƙwalwarka ba.

Na yi shekara da shekaru ina addu'a da azumi a kan abu ɗaya, shiru kake ji. Ina amincin yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma ba zan amsa ta da sauri ba.

Ibrahim yana da shekara 75 lokacin da Allah ya kira shi daga Haran ya ce zai mai da shi babbar al'umma. Ba shi da ɗa ko ɗaya. Shekaru suka yi ta tafiya, Saratu tana ƙara tsufa, har suka gaji da jira suka nemi hanyarsu ta wurin Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86. Daga nan kuma wani shirun ya sake biyowa har shekara 13. Sai da ya kai 99 Allah ya sake bayyana gare shi, ya faɗi rubda ciki ya yi dariya, Saratu ma ta yi dariya a bayan ƙofar alfarwa, don ita tana kusan 90 kuma ta san jikinta. Aka haifi Ishaku Ibrahim yana da shekara 100. Shekara 25 kenan tsakanin alkawari da cikawa. Mu muna karanta wannan cikin minti goma, shi kuwa rana ɗaya bayan ɗaya ya rayu a cikinta, yana ganin bayinsa suna haihuwa a gidansa, yana kwanciya yana tashi babu wani labari.

Kuma wannan rabin alkawarin ne kawai. Ƙasar fa? Lokacin da Saratu ta rasu tana da shekara 127, mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasar Kan'ana dukanta ba shi da ko inda zai binne matarsa, sai da ya sayi kogon Makfela a hannun Efron Bahitte da shekel 400 na azurfa (Farawa 23). Ya mutu bai ga zuriyarsa sun mallaki ƙasar ba. Ibraniyawa 11:13 ba ta ɓoye wannan ba, ta ce duk waɗannan sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. To Allah ya ci amanar Ibrahim kenan? A'a. Ya cika kowace kalma, sai dai alkawarin ya fi tsawon ran mutum ɗaya.

Ba zan ce maka wata mai zuwa naka zai zo ba, don ba a ba ni wannan ikon ba, kuma ka yi hankali da duk mai faɗa maka rana da wata. Abin da zan iya faɗa da tabbaci shi ne jinkiri a Littafi Mai Tsarki bai taɓa zama shaidar cewa Allah ya manta ba. Sannan ka zauna ka tambayi kanka da gaskiya, abin da nake jira alkawarinsa ne ko burina ne? Buri ba laifi ba ne, ka ci gaba da roƙo, shi Uba ne kuma yana ji. Amma abin da ya ɗaure kansa da shi a fili shi ne ba zai yashe ka ba (Ibraniyawa 13:5), zai gafarta in ka furta zunubinka (1 Yahaya 1:9), ba zai kori mai zuwa wurinsa ba (Yahaya 6:37), zai ƙarasa aikin da ya fara a cikinka (Filibiyawa 1:6), zai tashe ka a ranar ƙarshe.

Ana yawan cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya. Ai wannan maganar waɗanda komai ke tafiya musu daidai ce, ko?

Ko kusa. Ka san inda aka rubuta ta? A littafin Makoki ne, 3:22-23, bayan Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. An kewaye birnin da yaƙi fiye da shekara guda har abinci ya ƙare ƙarƙaf, aka fasa garu, aka kama sarki Zadakiya, aka yanka 'ya'yansa a gabansa sannan aka ƙwaƙule masa idanu, aka cinna wa Haikalin da Sulemanu ya gina wuta, aka kora mutane zuwa bauta. 2 Sarakuna 25 ta ba da labarin. Mai rubuta Makoki ya ga yara suna suma a titi suna tambayar iyayensu mata abinci, ya ga waɗanda da suke cin daɗi suna kwance a kan juji.

A cikin wannan sura ta 3 ɗin ma, kafin ya kai ga ayar da muke so, sai da ya ce Allah ya kewaye shi da katanga ba ya iya fita, ya ce ko ya yi kuka ya nemi taimako an toshe addu'arsa, ya ce ya manta da yadda jin daɗi yake. Sai a aya ta 21 ya ce amma akwai abu ɗaya da na tuna, shi ya sa nake da bege. Babu abin da ya canza a waje fa, birnin yana nan a ƙone, gawawwaki suna nan, ba wani mala'ika da ya zo da bayani. Ya dai tuna ko wane ne Allah, ya ce ƙaunarsa ba ta ƙarewa, amincinka mai girma ne. In akwai wanda ya cancanci faɗin wannan aya to wanda ya farka da safe ya tarar matsalar jiya tana nan zaune tana jiransa ne.

Irmiya 29:11 fa, wadda ake ta turawa a WhatsApp? Ba ta ce Allah yana da shirin alheri a kaina ba?

Ta ce, kuma gaskiya ce. Amma karanta wasiƙar dukanta. Irmiya ya aika ta ne ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. A daidai lokacin akwai wani annabi Hananiya da yake faɗa wa mutane cikin shekara 2 kacal komai zai dawo daidai, kowa kuwa ya san wanda kunne ya fi son ji. Allah ya ce ƙarya yake yi, kuma Hananiya ya mutu a wannan shekarar (Irmiya 28). Saƙon gaskiya shi ne ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar nan a Babila aka binne su. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka koma bayan Sairus sarkin Farisa ya ba da izini wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu.

Don haka ka riƙe ayar, amma ka riƙe ta da nauyinta.

Me ya sa Allah yake ceton wani ya bar wani, alhali dukansu nasa ne?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana abin yana faruwa, bai kuma ba da dalili a kan kowane mutum ba. Ayyukan Manzanni 12 ita ce wurin da ya fi taɓa ni. A farkon surar Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, aya ɗaya tak aka ba labarin. Sai ya kama Bitrus ya sa sojoji 16 su yi gadinsa, ikilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya zo da dare sarƙoƙi suka zube ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, har yarinyar nan Roda don murna ta manta ta buɗe masa ƙofa. Yakubu da Bitrus dukansu manzanni ne, dukansu suna kan dutse lokacin da kamannin Yesu ya sāke. Ka yi tunanin Yahaya a daren nan, yana murna Bitrus ya fito, ga kuma kabarin ɗan'uwansa bai daɗe da rufewa ba.

Ibraniyawa 11 ma haka ta yi. Daga aya ta 33 tana lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, sai a tsakiyar aya ta 35 ba tare da ta ja numfashi ba ta shiga lissafa waɗanda aka azabtar, aka jejjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi. Kuma ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Babu inda aka ce na biyun addu'arsu ce ba ta kai ba.

Shadrak, Meshak da Abednego sun gane wannan tun kafin a jefa su a tanderu. Suka ce wa sarki Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba (Daniyel 3:17-18).

Ko dai wahalar da nake ciki saboda wani zunubi ne da na yi?

Akwai wahalar da mutum yake jawo wa kansa, wannan kowa ya sani, kuma in Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka wani abu takamaimai to ka tuba ka gyara. Amma a ce duk mai ciwo, duk wadda ba ta haihu ba, duk wanda kasuwancinsa ya durƙushe akwai abin da ya ɓoye, wannan koyarwar abokan Ayuba ce kuma Allah da kansa ya ƙi ta. Elifaz da Bildad da Zofar sun yi ta matsa wa mutumin da ya binne 'ya'ya 10 a rana ɗaya cewa ya tona laifinsa, a ƙarshe Ubangiji ya ce wa Elifaz fushina ya yi ƙuna a kanka da abokanka biyu domin ba ku faɗi gaskiya a kaina ba kamar bawana Ayuba (Ayuba 42:7).

Yesu ma an kawo masa irin wannan lissafin. Almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba (Yahaya 9:3). Ya kuma yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi (Luka 13:4-5).

Abin yana ɓata mini rai ƙwarai in na ji an tsaya a bagade ana gaya wa mai ciwo wai bangaskiyarsa ce ta gaza, ko wai da ya ƙara baiko da ya warke. Mutum ya zo da kaya a ka, maimakon a sauke masa sai a ɗora masa wani. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da take jikinsa ba a cire ba, aka ce masa alherina ya ishe ka (2 Korintiyawa 12:8-9). Wa zai ce Bulus bai iya addu'a ba?

Zunubi ne in gaya wa Allah raina ya ɓaci, ko in tambaye shi don me?

Ba zunubi ba ne. Zabura cike take da irin wannan. Zabura 13 ta fara da har yaushe ya Ubangiji, za ka manta da ni har abada? Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe kuka ne, ta ƙare a cikin duhu babu ko ayar yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Habakuk ya fara da ƙorafin yana kira ba a ji, ya ƙare da cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi farin ciki da Allah mai cetonsa.

Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da hannunsa a bakin Urdun ya ce ga Ɗan Ragon Allah, da ya daɗe a kurkuku sai da ya aika a tambaya, kai ne mai zuwan ko mu jira wani? Yesu bai tsawata masa ba, ya aika masa da amsa, ya kuma juya ya gaya wa taron cewa cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi shi ba (Matiyu 11). Duk da haka Yahaya bai fita daga kurkukun nan da rai ba.

Bambancin kawai shi ne ina ka kai kukan. Mai makoki wurin Allah yake kai nasa, yana magana da shi ko da hawaye ne. Gunaguni irin na Isra'ilawa a jeji kuwa juya masa baya ne a koma ana zaginsa a gefe.

Ni ne na ci amana. Na san gaskiya na koma baya. Zai sake karɓa ta?

Zai karɓe ka, kuma nan ne amincinsa ya fi ba da mamaki. 2 Timoti 2:13 ta ce in mun yi rashin aminci shi yana nan da amincinsa, domin ba zai iya musun kansa ba. Bitrus ya yi rantsuwa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, a daren kuma ya yi musun Ubangijinsa sau 3, na farko ma a gaban wata baranya. Luka ya ce zakara na cara Yesu ya juyo ya dube shi, ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Amma tun kafin ya faɗi Yesu ya riga ya ce masa na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, in ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka (Luka 22:32). Bayan tashinsa daga matattu ya same shi a bakin tekun Galili ya tambaye shi sau 3 kana ƙaunata, ya mai da masa aikin kiwon tumaki a hannu. Kada ka tsaya jira sai ka gyara kanka tukuna, ka taso yadda kake.

To ai kenan sai in yi abin da na ga dama tunda ba ya canzawa?

A'a. 2 Timoti 2:12, ayar da ta zo kafin waccan, ta ce in mun yi musunsa shi ma zai yi musunmu. Mai aminci ne ga alkawarinsa, mai aminci ne kuma ga gargaɗinsa, rushewar Urushalima ma ai cikar maganar da ya daɗe yana faɗa ta bakin annabawa ce. Wanda ya faɗi ya tashi da kuka daban, wanda ya mai da alheri lasisin zunubi daban.

Wace hujja ce mafi ƙarfi cewa yana da aminci, in ban ga komai a rayuwata yanzu ba?

Gicciye da kabarin da babu kowa a ciki.

Bari in nuna maka yadda zaren ya bi. Allah ya yi wa Dawuda alkawari a 2 Sama'ila 7 cewa gadon sarautarsa zai tabbata har abada. Bayan shekaru wajen 400 sarautar ta rushe, babu sarki babu fada, har mai Zabura 89, wanda ya fara da waƙar amincin Ubangiji, ya ƙare yana tambaya ina ƙaunarka ta dā wadda ka rantse wa Dawuda? A idon kowa alkawarin ya mutu. Amma ƙarshen 2 Sarakuna ya kawo wani ɗan labari da mutum zai iya wucewa bai lura ba: a shekara ta 37 ta bautarsa aka fito da Yekoniya sarkin Yahuza daga kurkuku a Babila, ya tuɓe kayan fursuna, yana cin abinci a teburin sarki. Buɗe Matiyu sura ta 1 ka ga sunan mutumin nan a cikin jerin kakannin Yesu. Zuriyar ba ta yanke ba, ko da yake sai da aka ƙara fiye da shekara 500 kafin a haifi Ɗan Dawuda a Baitalami.

Da ya zo ɗin ma, ta hanyar da ba wanda ya zata aka cika. Ran Juma'ar nan babu almajiri ko ɗaya da ya kalli gicciye ya ce ga amincin Allah. Mutum biyun da suke tafiya Imuwasu cewa suka yi dā muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila (Luka 24:21), wato sun riga sun rufe maganar, alhali wanda suke makokinsa yana tafiya tare da su a hanya. Ranar da ta fi kowace rana kama da Allah ya yi watsi da nasa, ita ce ranar da yake cika babban alkawarinsa. Shi ya sa Bulus ya ce wanda bai hana Ɗansa ba amma ya ba da shi dominmu duka, yaya zai ƙi ba mu komai tare da shi? (Romawa 8:32). In lissafin rayuwata ya ƙi fita, nan nake komawa in tsaya.

Zan taɓa gane dalilin abin da ya same ni?

Wataƙila a nan duniya, wataƙila sai can. Yusufu ya gane nasa. An sayar da shi yana ɗan shekara 17, ya yi bauta a gidan Fotifar, aka yi masa ƙazafi aka jefa shi kurkuku, mai shayarwar Fir'auna wanda Yusufu ya taimaka wa ya manta da shi har shekara 2 cur, sai yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, sai kuma bayan shekara 22 da rabuwa ya sake haɗuwa da 'yan'uwansa. Daga baya ne ya iya cewa kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri don a ceci rayuka da yawa (Farawa 50:20).

Ayuba kuwa ba a taɓa gaya masa ba. Mu masu karatu mun san abin da ya faru a sura ta 1 da ta 2, shi bai sani ba har littafin ya ƙare. Da Allah ya amsa masa daga cikin guguwa tambayoyi ya jero masa, ina kake sa'ad da na kafa harsashin duniya, ka san lokacin da awakin dutse suke haihuwa? Ayuba ya ce dā da kunne nake jin labarinka, yanzu idona ya gan ka, kuma hakan ya ishe shi. Bulus ya ce yanzu muna gani ne dishi-dishi kamar a madubi, sa'an nan za mu gani ido da ido (1 Korintiyawa 13:12).

Ɗan'uwana yana cikin baƙin ciki mai tsanani. Me zan ce masa game da amincin Allah?

Da farko kada ka yi saurin cewa komai. Abu mafi kyau da abokan Ayuba suka yi shi ne kwana 7 da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, da suka buɗe baki ne abin ya lalace.

Dubi Yesu a Betanya. An aika masa Li'azaru ba shi da lafiya, ya ƙara kwana 2 a inda yake, da ya iso mutumin ya kwana 4 a kabari. Marta ta tare shi a hanya ta ce Ubangiji da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, Maryamu ta zo ta faɗi a gabansa ta maimaita wannan maganar. Bai ce musu ku daina kuka ai kun san nufin Allah ne ba. Marta da take son magana ya yi magana da ita a kan tashin matattu, Maryamu da take kuka ya yi kuka tare da ita, alhali ya san cikin ɗan lokaci kaɗan zai kira Li'azaru ya fito.

Don haka ka je, ka zauna, ka bar shi ya faɗi abin da yake ransa ko da ya yi maka nauyi a kunne, kada ka gyara masa tauhidi a ranar. Romawa 8:28, wadda ta ce Allah yana sa komai ya zama alheri ga masu ƙaunarsa, gaskiya ce amma ba ranar jana'iza ake jefa wa mutum ita ba, lokacinta zai zo, kuma sau da yawa shi da kansa zai faɗe ta daga baya. In ya ce ba ya iya addu'a ka ce masa ba komai, ni zan yi a madadinka, kuma ka yi ɗin da gaske. In ya yarda ka karanta masa Zabura 13 ko Makoki 3 a hankali, tun daga ayoyin kukan, kada ka tsallake zuwa masu daɗin kawai. Ka duba abin da gidan yake bukata ka yi ba sai an roƙe ka ba. In ka ga baƙin cikin ya hana shi ci da barci na tsawon lokaci, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka sanar da fasto da danginsa, ku raka shi wurin likita. Sannan bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da masu gaisuwa duk sun watse waya ta daina ƙara, ka sake komawa.